Keken Malam Almu

Alezandariya, Amurka
Shigowar sanyi

Zuwa ga ƙanin mijina, Malam Yusha'u tsohon hedimasta, Kazaure.

Assalamu alaikum. Mijina ƙarami, kana lafiya? Ya iyali, ya gwiwar nan taka, ya kunnen? An ce mini yanzu ko ganga aka buga a kanka sai ka ce wa ke sallama. Shi ya sa na daina ɓata bakina a waya. Na samu maƙwabciyarmu Dorkas, 'yar Kafanchan ce, aikin nas take yi a nan. Ina faɗa tana rubutawa, ta ɗauki hoton takardar ta tura wayar 'yarka Sharifa, ita kuma ta nuna maka. In ka ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

Mu nan lafiya, sai sanyi. Ɗanka Injiniya yana ta aikinsa, ya fita da duhu ya dawo da duhu, matarsa Asma ma haka. Jikokinka kuwa in na yi musu Hausa su mayar mini da Turanci, mu rabu ba wanda ya ƙoshi.

Ƙarar yayanka na kawo maka. Ka san yadda muka taho da shi bara, mantuwar nan ta sa shi gaba. Ya idar da sallah ya tambaye ni ko an kira. Ya tambaye ni ina Inna, Innar da aka binne tun Injiniya yana firamare. Da muka zo aka ɗora mu can ƙololuwar bene, inda ko tsuntsu sai ka leƙa ƙasa za ka gan shi, sai ya yi shiru gaba ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tasha yana faci, yana ba da hayar keke, yana faɗa da yara masu karya masa feda, ya koma zaman kujera a gaban taga kamar an ajiye tulu.

To ran nan Asma ta sauka da shi ƙasan gini inda ake ajiye motoci, wai ya miƙe ƙafa. Suka tarar da wani tsoho, baƙin Ba'amurke, Raymond sunansa, da can direban bas ne, ya kifa kekensa yana fama da sarƙa. Asma ta ce ba ta ankara ba sai ganin Malam ta yi a tsugune. Ya ture hannun mutumin, ya mayar da sarƙar, ya murza feda, ya kara kunne jikin taya yana saurare. Ya hawo sama hannu duk baƙin mai, ya ce mini, “Miƙo sabulu. Me kika dafa ne yau?”

Daga nan na shiga uku. Raymond ya ba shi wani kekensa, ya ba shi hular kwano, da wata rigar ruwa mai ruwan ɗorawa, mai ƙyalli, irin ta masu sharar titi. Ashe su ƙungiya ce, tsofaffi da suka ajiye aiki, da shi da wani dogon Bature Joel da sauransu. Hantsi na yi Raymond zai hawo. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gane yayanka ba ya kula ƙwanƙwasa. Wata ƙararrawar keke yake yawo da ita a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa ya kaɗa. Kafin in ce wane ne, Malam ya riga ya cusa ƙafar wando a safa.

Ina suke zuwa? Ba ko'ina. Akwai wata hanya ta keke zalla, tana bin gefen rafi cikin itatuwa har ta faɗa babban kogi, wajen da jirage ke sauka kamar za su tuge wa mutum hula. Su je, su tsaya, su kalli ruwa, su juyo. Ba aike, ba kasuwa, ba gaisuwar mutuwa. Na ce masa da wane yare kuke hira? Ya ce, “Hirar me? Kowa ya san inda birkinsa yake.”

Kuma sanyin nan ba irin namu ba ne da za ka hura wuta ya ja da baya. Wannan da ruwa yake zuwa, yayyafi siriri wuni guda, ya bi ta wuyan riga ya nemo ƙashi. Su kuwa ko a jikinsu. Ya dawo mini laka har gadon baya, gemu yana ɗiga, hanci yana zuba. Ni ce shanya, ni ce man zafi, ni ce suyar ƙosai tun da safe, don ya saba musu da shi. Ya cika jakar bayan keke da ƙosai da fulas ɗin shayi ya fita. Ka ji yayanka, da girmansa da furfurarsa, ya koma kai wa Turawa abinci a keke cikin ruwan sama. Ni dai na gaji.

Jiya da ya shigo ya ce, “Luba, kawo tawul.” Rabon da in ji ya kira ni da... a'a, bar wannan. Dorkas, kar ki rubuta. Wai ta riga ta rubuta.

Ga hotonsa nan ta ɗauka a bakin ƙofa, ka yi dariya. Ka gaida kowa da kowa.

Matar yayanka,
Sailuba


Kazaure

Zuwa ga Yaya Sailuba.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Gwiwa da sauƙi. Kunne kuwa hutu ne, tunda ya raba ni da surutunki. Sai ga shi kin biyo ni da shi a rubuce.

Wasa ya ƙare a nan, Yaya. Kin ce in yi dariya. Ban yi ba. Na daɗe riƙe da wayar Sharifa ina kallon hoton nan. Malam Almu, ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya, a jiƙe sharkaf, cikin rigar leburori, da jakar kaya a bayan keke. Na kai hoton majalisarmu ta ƙofar masallaci don in ji ko idona ne. Haidar ɗan Liman, wanda ya yi karatu a waje, yana gani ya ce ai wannan sana'a ce sananniya a can, ita baƙi marasa galihu ke yi, a ba su abinci su kai gida-gida a keke, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Na koma na sake karanta takardarki, na ga kin faɗa da bakinki, kin kuma ce kin gaji. Na gane kuka kika kawo mini, kika lulluɓe shi da wasa don kunyar ɗan fari.

Kafin magariba hoton ya zaga gari. Ban so haka ba, amma ya zaga.

Tahir, Injiniyan naki, a gidana ya tashi. Ni na kai shi makaranta da hannuna, ni na tsaya masa ranar aurensa. Motoci biyu gare shi, kowa ya gani a hoto. Uban da ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar tasha don ya yi karatu, shi zai mayar kan keke da tsufansa, da ciwonsa?

Na sa Sharifa ta kira mini shi. Ba na jin abin da yake cewa, ban kuma nemi ji ba. Na gaya masa, in Yaya ya sake ɗora ƙafa a kan keken nan, ban yafe masa riƙon da na yi masa ba, duniya da lahira. Sharifa ta ce yana ta cewa Baffa ka tsaya ka ji. Na miƙa mata wayarta.

Ki kwantar da hankalinki. An share miki hawaye.

Ƙaninki,
Yusha'u


Alezandariya
Tsakiyar sanyi

Malam Yusha'u,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ba zan ja gaisuwar ba yau, ka yi haƙuri.

Wane hawaye ka share mini? Wa ya ce maka ina kuka? Innalillahi. Kai da ka yi shekara da shekaru kana koya wa yara karatu, takarda ɗaya ta tsohuwa ta gagare ka?

Ba aiki yake yi ba! Ba mai biyan sa, ba mai aiken sa. Ƙosan nawa ne, kyauta yake kai wa abokansa, su tsaya a bakin kogi su ci da shayi suna hura hannu. Rigar kuwa kowa irinta yake sawa, har Joel ɗin da aka ce da can babban lauya ne, don masu mota su hango su cikin hazo. Nan ƙasar mai kuɗi ne ke hawa keke don nishaɗi. Ni ma da farko na ɗauka taɓin hankali ne, sai da na zauna na gani.

Bari in gaya maka abin da wayarka ta yi. Ranar Injiniya ya dawo tun la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a ƙasa a gabana, bai ko cire takalmi ba. Ya nuna mini wayarsa. Hoton nan ne ya dawo masa daga wajen mutane daban-daban, har da na masallacinmu na nan, wani ya rubuta a ƙasa wai a ji tsoron Allah a kan iyaye. Na ce, “Ai Baffanka bai fahimta ba ne.” Ya ce, “Iya, ya ce bai yafe ba.” Na ce, “Kurma ne, bai ji bayaninka ba.” Ya ce, “Ni ai na ji nasa.” Ya sunkuyar da kai yana hawaye, ƙato da shi, da 'ya'yansa suna leƙe. Ya ce dama kullum Baba ya fita gabansa faɗuwa yake yi, kar santsi ya kwashe shi, kar ya ɓata, likita ne ya ce a bar shi tunda yana tare da mutane. Yanzu ga bakin duniya, ga bakinka. Ya sauka ya tura keken har ƙofar Raymond ya mayar masa.

Washegari yayanka ya tashi da wuri. Ya yi wanka, ya sa rigar ɗorawar, ya ɗaura hular kwano, ya cusa wando a safa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Raymond ya hawo ya kaɗa ƙararrawa. Asma ta buɗe ta yi masa bayani da Turanci. Ban ji me suka ce ba, na dai ga tsohon ya cire hula yana shafa kai, ya dubi Malam, ya dubi ƙasa. Malam kuwa ya miƙe ya bi bayansa har bakin lifta. Sai da muka riƙo hannunsa. Ya ce mini, “Wa ya yi hayar kekena bai dawo da shi ba?” Na ce ana gyara ne. Ya ce, “Gyara? Wa ya iya gyara a garin nan?”

Kullum haka. Ya shirya ya zauna har azahar, zufa ta jiƙa shi cikin rigar ruwa, don gidan da ɗumi. Kwanon abincinsa yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Na roƙi ɗanka, na yi masa faɗa, na daina amsa gaisuwarsa kwana biyu. Ya ce ko me zan ce ya yi zai yi, ban da wannan, sai in kai ka janye. Kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Don Allah, don zumunci, ka kira shi ka ce ka yafe. Ko ba ka ji amsarsa ba, shi zai ji ka.

Sailuba


Kazaure

Yaya Sailuba,

Na karanta, na kuma sake karantawa. Allah ya ba Yaya lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Ban ga laifinki ba. Wace uwa ce za ta ga an taso wa ɗanta ta ƙi tare masa? Takardar farko ke kika faɗe ta. Ta biyun nan kuwa, na san da wanda ya tsaya a kanki. Ki gaya mini, wane mai hankali ne zai bar ɗaki mai ɗumi ya fita cikin ruwa da sanyi don ya je ya kalli ruwa? Na tambayi majalisa, dariya aka yi. In ma gaskiya ne wasa suke yi, to ya fi muni. Mutum mai jikoki, mara lafiya, a sake shi yana gantali da waɗanda ko sallah ba su sani ba? In ya faɗi a can, wa zai laƙanta masa kalmar shahada?

Fushin da yake yi zai wuce, haka masu ciwon nan suke. A saya masa carbi mai kyau, a kunna masa karatu, Tahir ya riƙa fita da shi a mota yana shan iska kamar kowane dattijo. Mutuncin Yaya a wuyana yake, ko da shi ya manta yana da shi.

Maganata tana nan inda na ajiye ta.

Yusha'u


Alezandariya
Ana dusar ƙanƙara

Yusha'u,

Ina fatan kana lafiya. Mu ba lafiya ba.

Ba wanda ya tsaya a kaina. Daga ni sai Dorkas a ɗakinta, ta dawo daga aiki ko hutawa ba ta yi ba. Na ce mata yau duk abin da ya fito daga bakina ta rubuta, ko na ce ta goge kar ta goge.

An fita da shi a motar. Ya rufe ido har aka dawo. An kunna karatun. Carbin yana nan a hannunsa, ba ya ja.

Ranar Talata ina banɗaki, na fito ba shi ba rigar ɗorawa. Ƙofa a buɗe. Yusha'u, ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na sauka titi ba mayafi, ruwa da ƙanƙara suna zuba tare, ina kiran Malam, Malam, mutane suna ratse ni. Aka kira Injiniya, aka kira 'yan sanda, suka bazu da motoci suna bin manyan tituna. Raymond da ya ji, sai ya haye kekensa ya bi hanyar rafi. Can ya same shi, a wata 'yar gada da ruwa ke shanyewa in an yi ruwa. Yana tsaye a ciki har idon sawu, da silifas, ya miƙa hannu biyu gaba kamar yana riƙe da kan keke. Wanda ka ce bai san sallah ba, shi ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, ya rungumo shi har bakin titi. Kwanansa uku a asibiti, sanyi ya shiga ƙirji. Yanzu an sa wa ƙofa wani makulli a can sama inda hannunsa ba ya kai. An roƙi Raymond ya daina hawowa, wai ƙararrawar tana tayar masa da hankali. Ya zo ya damƙa mini ita a hannu, ya faɗi wata magana. Dorkas ta ce cewa ya yi, “A ajiye wa ɗan'uwana.”

Ka ce wai kuka na lulluɓe da wasa. To juya ta. Daɗi na lulluɓe da mita. Kai ba Bahaushe ba ne? Ka taɓa jin tsohuwa kamata ta buɗe baki ta ce wa ƙanin mijinta tana murna mijinta ya kira sunanta? Ai sai dai in ce ya dame ni da wanki. Na ɗauka za ka gane, tunda tare muka tsufa.

To yau na ajiye kunyar. Ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina amarya, kana ɗan makaranta lokacin, in Inna ta tafi unguwa sai yayanka ya rufe shago ya turo keke gida, ya sa sakata a zaure. Ya ce in hau. Na ce rufa mini asiri, mace da keke? Ya ce, “Matar mai keke ba ta iya keke ba, ai abin kunyar nawa ne.” Na ɗaure zane kamar wando, ya riƙe sirdi yana bina da gudu, muna zaga rijiya. Na faɗa kan turmi, na faɗa cikin kaji, rannan har randa na fasa muka ce akuya ce. Ranar da ya sake ni ban sani ba, na waiwayo na gan shi can a gindin dalbejiya ya riƙe ƙugu yana dariya. Ana yayyafi ranar ma. Ya ce, “Luba, kar ki kalle ni, kalli gabanki!”

Wannan mutumin ciwo ya ɗauke mini. Na yi shekara biyu ina kwana ɗaki ɗaya da baƙo. Sai keken nan ya riƙa dawo mini da shi, ba duka ba, kaɗan-kaɗan. In ya shigo a jiƙe, tsakanin azahar da la'asar nawa ne. Ya san ni, ya san ɗansa, ya tambayi kunnenka, har ya ce a gaya maka ka daina taurin kai ka sa na'urar ji. In magariba ta yi ya sake tafiya. Na yarda da hakan, wallahi na yarda. Ɗan wannan nake jira kullum, shi nake soya wa ƙosai.

Mutuncin da kake tsare masa, ga shi nan a kujera, an sa masa babbar riga da hula, tsaf da shi. Ba ya magana. Shekaranjiya na kai masa kunu ya ce, “Na gode, baiwar Allah.”

Likita ya ce irin wannan ciwon abin da ya tafi ba ya cika dawowa, a yi sauri da abin da ya rage. Ban taɓa roƙon ka komai ba tun da na shigo gidanku, sai wannan. Ina son mijina, Yusha'u. Ga shi na faɗa, Dorkas ta rubuta. Ka sake mana shi.

Sailuba


Alezandariya

Yusha'u, shiru? Dorkas ta ce takardar ta shiga wayar Sharifa tun tuni, an ma buɗe. Azumi ya zo ya wuce, ba mu ji ku ba ko barka da sallah. In fushi ka yi da abin da na faɗa, ka yi da ni, ni na yi rashin kunya. Shi bai yi maka komai ba. Ƙafafunsa sun fara kumbura saboda zama. Ya daina sa rigar ɗorawar. Da yana sawa ina jin ciwo, yanzu da ya daina na rasa inda zan sa kaina.

Sailuba


Kazaure
Bayan ƙaramar sallah

Yaya,

Ba fushi ba ne. An kai ni Kano an yi mini aikin yanar ido, ɗaya bayan ɗaya, na biyun ya ba da wahala. Ga ba kunne, ga ido a ɗaure. Sharifa ta buɗe takardarki ta ga ba irin wadda za ta yi mini ihunta a kunne ba ce a ɗakin asibiti, sai ta adana. Jiya aka ba ni tabarau. Ita na fara karantawa.

Na tuna randar nan. Ni aka daka a kanta, don ni na bar akuyar a kwance. Na kuma tuna ina dawowa daga makaranta in ga sawun taya ya zaga rijiya, in yi ta mamakin abin da ya sa Yaya ke gwada keke a tsakar gida.

Na sa an kira Tahir, ko abinci ban tsaya ci ba. Na ce masa na janye, na yafe, shi ma ya yafe mini. Na faɗa sau uku da ƙarfi don kar a ce layi ne. Yau bayan azahar na tsaya a majalisa na faɗa musu ni na karanta hoton nan a karkace.

Ku mayar masa da kekensa. Ki ce masa zan sa na'urar. Ki rubuto mini ranar da ya fita, ko ana ruwa.

Ƙaninki,
Yusha'u


Alezandariya
Itatuwa sun fara toho

Mijina ƙarami,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara wa idon haske. Ban riƙe ka ba, shi ma ɗanka bai riƙe ka ba. Ka ce in rubuto ranar da ya fita. Ga yadda aka yi.

Injiniya yana ajiye wayarka ya sauka da gudu gidan Raymond. Ranar Asabar suka zo dukkansu, da Joel da sauran, cikin rigunansu na ɗorawa, ana yayyafin nan nasu. Na soya ƙosai tun asuba. Na ɗauko ƙararrawar daga ƙarƙashin filo na ba Raymond, na ce ya fita waje ya kaɗa kamar da. Ya kaɗa. Ya sake kaɗawa. Yayanka yana kallon taga.

Muka sa masa rigar, ta yi masa yawa yanzu. Injiniya da Raymond suka riƙe shi muka sauka. Iska ta buge shi, ruwa ya taɓa fuskarsa, na ga ya lumshe ido ya buɗe baki kaɗan, na ce a raina ga shi nan zuwa. Aka kawo keken. Aka ɗaga ƙafarsa, ta ƙi tsallake sirdi. Aka sake gwadawa. Ya fara rawar jiki yana riƙe wuyan ɗansa, yana cewa a yi masa rai. Joel ya juya baya yana goge tabarau. Injiniya ya ce a bari haka.

Tsofaffin ba su tafi kogin ba ranar. A nan ƙarƙashin rumfar ƙofa suka tsaya suka ci ƙosan a tsaye, don kar in koma da shi. Raymond ya ce keken na Malam ne, a hau da shi sama.

Yana nan a falo, kusa da kujerarsa. Kwana biyu bai dube shi ba. Jiya da hantsi, daga ni sai shi, ina tsince shinkafa, na ji motsi. Ya sauko ƙasa da kansa. Ya ce in taya shi kifa shi, na taya shi. Ya matsa taya da babban yatsa. Ya bi wayoyin ƙafar ɗaya-ɗaya yana ƙyastawa. Ya murza feda, ya kara kunne, tayar tana ta juyawa, tana wannan ƙaramar ƙarar da na fi sanin ta da muryar uwata. Na ajiye tiren.

Ya ɗago ya dube ni, da fara'arsa, irin wadda yake yi wa mai kawo gyara. Ya ce, “Hajiya, keken nan lafiyarsa ƙalau. Ba abin da zan taɓa. Ki gaya wa mai shi ya zo ya ɗauki abinsa, kar ya bar shi a ajiye. Ajiya ke kashe su.”

Na ce, “To, Malam. Zan gaya masa.”

Yau ma ya duba shi, ya sake ba ni saƙon. Na ga su Raymond ta taga sun bi hanyar rafi, ɗigo-ɗigon ɗorawa cikin ruwa, har itatuwa suka rufe su.

Kai ne mai ilimi, Yusha'u, ga shi yanzu kana gani da ido biyu. In ka san inda zan samu mai keken nan in isar masa da saƙo, ka rubuto mini.

Dorkas ta ce hannunta ya gaji. Ba hannun ba ne, ina ganin fuskarta. A gaida Sharifa.

Matar yayanka,
Sailuba